Hancina Ya Je Abijan

Ina karatun haɗa bidiyo a jami'a aka yi wa yayana Mamman haihuwar fari a Garhanga. Yana Abijan ci-rani, na ce zan nuna masa taron suna kai tsaye ta waya.

Har liman na sa ya gyara zama saboda haske. Na kashe muryar Mamman kada ya dami addu'a, na riƙe wayar a ƙirji. Gwani kamata bai duban allo.

Da aka shafa fatiha na buɗe muryar Mamman.

"Kai! Ina Baba? Ina ragon da na saye? Tun ɗazu ramin hancinka nike kallo!"

Na dubi allo. Ashe ban juya kyamara ba.

Yau yaron na gudu, amma duk sunan da aka yi sai Baba ya ce, "A kira mai hanci ya ɗauka."