Lemar Kawu da Faifanmu na Ƙarshe

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe mini komai, da ranar da na kusa kashe wa ajinmu fim da hannuna. Ko in ce da gwiwoyina.

Muna ajin ƙarshe a makarantar kwana a Yelwa ta ƙasar Yauri, a shekarun da ake gina madatsar Kainji, kowa maganarsa ɗaya: ruwa na zuwa. Malaminmu na Turanci, Malam Bawa, ya dawo daga kwas a Ingila da wata 'yar kyamara wadda ake murɗawa kamar agogo kafin ta yi aiki. Ba ta ɗaukar murya, hoto kawai. Faifanta kuwa kafin ka gama shan kokon kunu ya ƙare. (Jikokina da ke ɗaukar hoton tuwo da waya su goge su sake, ba za su gane wannan tashin hankalin ba.) Malam ya ce ajinmu zai yi fim mai sa faɗuwar gaba, a nuna ranar ba da kyaututtuka gaban iyaye. Hedimasta bai so ba. Ya ce in abin ya zama shirme, kyamara ta koma akwati, mu koma noman lambun makaranta.

Labarin mu muka tsara: ɓarawo ya sace akwatin magani, ɗan doka ya bi shi lungu-lungu har bakin ruwa, su yi kokawa cikin kwale-kwale. Wa zai fito a ɓarawo? Ni na tsaya kai da fata. Na ce duk ajin babu mai mugun ido irina. Na yi makonni ina koyon dariyar mugunta a bayan ɗakin kwana, har yara suka daina zuwa wajen shanya. Sai daga baya na tuna fim ɗin ba ya magana.

Ishaya ne mai riƙe kyamara, yaro mai shiru, ɗan wani gungu, wato tsibiri, a tsakiyar kogin Kwara inda suke noman albasa. Shi ya roƙi a yi fim ɗin a gungunsu, don an riga an gaya musu su shirya tashi, ruwa zai cinye wurin. Ɗan doka kuma Sani Dogo, mai ƙafafu kamar na zalɓe.

Koyo ya ci mana faifai ba kaɗan ba. Na farko babban yatsan Ishaya muka ɗauka. Wani kuma rana muka fuskanta, kowa ya fito kamar fatalwa. Da Malam ya ce a gwada ɗaukar fuska kusa-kusa, na zare ido iyakar ƙarfina don in ba da tsoro, sai na fito kamar wanda ya taka kunama. Amma a hankali hannunmu ya faɗa. Muka san rana a bayan mai kyamara take zama, muka san in ɓarawo ya fita ta dama, to ɗan doka ta hagu zai shigo. Muka ɗauki sata, muka ɗauki gudun cikin lunguna. Saura kamun ɓarawo, faifai kuma saura ɗaya tak.

Ranar ɗaukar ƙarshe da safe Malam ya tara mu a kwatar gungun, inda ake ɗaure jirage. Ya ce, "Babu na biyu. Wanda ya faɗi ya tashi ya ci gaba." Ya dubi Ishaya: "Kai kuma, ko sama za ta faɗo, kada ka ɗaga yatsanka sai ka ji na ce tsaya."

Na sha gashin baki na gawayi, na ɗaure kai da baƙin ƙyalle, wuƙar katako a hannu, akwati a hammata. Malam ya ɗaga hula, kyamara ta fara kirrr, na gangaro tsakanin fangalin albasa da gudun da ban taɓa yin irinsa ba. Wallahi a raina na ce yau duniya za ta san da ni.

Sai ga lema. Baƙar lema mai karyayyen haƙarƙari ɗaya, tana hawowa daga wani jirgi. Duk Yelwa mutum ɗaya ke da ita: Kawu Maidamma, yayan Innata, dillalin albasa. A gaban idonsa na tashi. Mutumin da ya taɓa tako ƙafa har gidanmu ya zauna yana faɗa tun hantsi har azahar, don kawai na gaishe shi a tsaye.

Zan so in ce na yi tunani na zaɓa. Ƙarya ne. Kafin kaina ya ce wani abu, ƙafafuna sun tuɓe takalma, gwiwoyina sun kai ƙasa. Ga ɓarawo da wuƙa, durƙushe, kai a sunkuye.

"Kawu, an kwan lahiya?"

Ya ɗaga lemar ya nuna ni da ita, ya leƙo fuskata. "Wane na wanga? A'a! Ɗan Hajo na? Lahiya lau. Ya karatu? Ina Innakka? Ƙahwar tata ta yi sauƙi?"

Ina amsawa ina jin takun Sani Dogo a bayana. Ya iso da kulki sama, ya ga Kawu, ya ja birki har ƙura ta tashi, shi ma ya zube kusa da ni. "Baba, ina kwana?" 'Yan ajin da ke biye da shi suna ihun ɓarawo, suka iso ɗaya bayan ɗaya suna zubewa. Na saci kallon Malam Bawa ko zai cece mu. Ina! Hularsa na hannu, ya rusuna, bakinsa cike da "lafiya lau, Baba". Bakin da ya kamata ya ce tsaya ke nan. Ishaya kuwa, ɗan halak, yatsansa na nan inda aka ce ya ajiye.

Kawu ya ƙyalla ido ya ga akwati. "Na wa na wanga?"

"Na... nasa ne, Kawu."

"To mi kaka yi da shi? Ba shi abinai."

Na miƙa wa ɗan doka kayan sata da hannu bibbiyu. Ban tsira ba. Kawu ya kama haɓata, ya tofa yawu a bakin rigarsa, ya shiga goge mini gashin baki. "Ɗan makaranta da ƙazanta! Haka aka koya muku?" 'Yan matan gungun da ke wanke-wanke suka kwashe da dariya, wata har da faɗawa ruwa. A daidai nan kirrr ɗin kyamara ya tsaya. Na roƙi Allah ruwan Kainjin ya iso yanzu-yanzu ya tafi da ni.

Da muka sauka daga jirgin komawa, Sani Dogo ya rusuna mini ya ce, "A sauka lafiya, ɓarawo mai ladabi." Sunan ya bi ni har gidan aurena.

Aka aika faifai wanki can nesa. Kafin ya dawo, su Ishaya sun tashi, ruwa ya fara lasar kwatarsu. Babu faifai, babu gungu, ba zancen sakewa. Abin da ya fi ci mini rai ke nan: ba ajinmu kaɗai na cuta ba, har da hoton ƙarshe na garin abokina.

Kunya ta hana ni wasa, sai na riƙa bin Ishaya ɗakin Malam muna ɗaga faifan a jikin taga muna kallo. Ina kallon kaina ina durƙusawa, ina jin kamar in ciji yatsa. Rannan sai na ce, "Ishaya, wai wa zai ji abin da Kawu ya ce?"

Ya dube ni. "Babu kowa."

"To wa ya san gaisuwa ce?"

Muka nemo reza da gam, Malam ya nuna mana yadda ake yanka da haɗawa. Muka cire tuɓe takalma, muka cire "ya karatu", muka cire yawun Kawu (wannan ni na yanke, na kuma ƙona). Muka tono tsohon hoton nan da na zare ido kamar mai ciwon kunama, muka saƙa shi a tsakiya. Ga yadda ya koma: ɓarawo na gudu, dattijo ya nuna shi da lema, idon ɓarawo ya firfito, ya zube ƙasa, ya miƙa akwati da hannu bibbiyu. Da Malam ya kalla, sai da ya zauna. Ya ce, "Yau kuka koyi fim."

Ranar ba da kyaututtuka aka toshe tagogin zauren da barguna. Iyaye sun cika, har da mutanen su Ishaya daga sabon matsuguninsu. Wani ɗan aji na kaɗa kalangu a hankali don ƙara fargaba. Da gungun ya bayyana a farin zane, mutanen su Ishaya suka miƙa wuya. Wata tsohuwa ta ce, "Ga tsamiyarmu." Na ga Ishaya yana share ido da bayan hannu.

Sai gudu ya fara. Mata na "kama shi!", wani dattijo ya miƙe zai tare ni a jikin zane. Da lema ta tashi ɓarawo ya zube, zauren ya ɗauki sowa kamar rufin zai yaye. Kawu na sahun gaba. Ya miƙe ya juyo ga jama'a ya ɗaga lemar: "Awo! Hakanan aka yi!" Sai da aka maimaita fim ɗin har majigin ya yi zafi. Hedimasta da kansa ya ce a sayo faifai, aji mai bi mana ma su yi nasu. Daɗin da na ji ranar, ban san da me zan auna shi ba.

Da aka tashi na je wurin Kawu, na tuɓe takalma, na durƙusa, ina jiran yabo.

"Abin ya yi kyau," in ji shi. "Amma wa ya yanke gaisuwar? Yanzu duk Yauri sai su ce ɗan Hajo ya gan ni bai tambayi iyalina ba."

Na yi shekaru ina aikin ɗaukar fim bayan nan, na koyar da yara da dama. Darasina na farko ba ya canzawa, kuma ba shi cikin littafin kowane Bature: kafin ka kunna kyamara, zagaya garin ka gaida kowa tukuna. In kana da kawu, fara da shi.