Faifan da Ke Cikin Jakar Kaka

"Lafiya lau, gajiya kuwa babu, sai dai na tarar mijin nawa ya ƙara muni," in ji Kaka, tana ture ƙofar shagon da sandarta.

Jikan nata mai gyaran kwamfuta ne, tun yana ƙarami take kiransa Mai Kunnuwa. Shekara biyu ke nan da suka haɗu suka sayi hannun jari a wani kamfani mai ƙera faifan ajiya, irin wanda ake jona wa kwamfuta a zuba hotuna da takardu. Da safen nan ya buga mata waya ya ce su sayar, shi ne ta hau mota ta zo da kanta.

"Sannu da zuwa, amaryar da haƙoranta ke kwana a kofi."

"Da kuɗina na saye su. Kai da aka ba ka naka kyauta, dubi yadda suka watse. Kwashe tarkacen nan in zauna. Me kamfanina ya yi maka?"

Ya nuna mata wasu fayafayai a kan kantar shagon. "Kin ga biyar ɗin can? Duk namu ne, duk a wata ɗaya aka kawo su, duk gawa. Jiya wata ɗaliba ta zauna nan inda kike ta sha kuka, aikinta na shekara guda ya tafi. In labari ya bazu, jarinmu sai dai mu naɗe gyaɗa da takardarsa."

"Allah sarki, yarinya. Amma kai, wa ya taɓa kawo maka lafiyayye? Ka tare a asibiti kana ihu wai duk gari ba lafiya."

"Na wasu kamfanonin ma suna zuwa, amma ba biyar a jere ba."

"Ai namu ya fi yawa a hannun mutane, dole gawarsa ta fi yawa! Shekara talatin ina koyar da lissafi, a ƙarshe aka haɗa ni da jika mai kan kabewa."

"Lissafin zamanin da ake ƙirge da tsakuwa."

"Da shi na gano uku ka ci a jarrabawa ka mayar da shi takwas."

Ta zuge jakarta, ta ciro wani abu naɗe a hankici, ta dire shi a kan tebur. Tsohon faifai ne, duk ya goge, an manna masa filasta a baya.

"Ga shaidata. Shekararsa bakwai. Ya faɗo daga bene, kyanwa ta yi ƙwallo da shi, ni kaina na taɓa zama a kansa."

"Kin zauna a kansa ya rayu? Wannan lambar yabo ya kamata a ba shi."

"Jona shi, marar kunya. In ya buɗe, ba ma sayarwa. In bai buɗe ba, ka sayar har da ni."

"Ke wa zai saya? Sai dai in ba da ke gyara."

Ya jona. Ƴar fitilar faifan ta ƙifta sau biyu ta mutu. Ya zare ya mayar, shiru. Da ya ɗago sai ya ga Kaka ta riƙe bakin tebur da hannu biyu.

"Me ke ciki, Kaka?"

"Hotunan kakanka ne. Da muryarsa, ranar da yake yi min waƙa a mota."

"Akwai kwafi a wani wurin?"

"Wane kwafi? Ai na yarda da shi."

Ya hura bakin faifan, ya jefar da tsohuwar wayar da ake jona shi da ita, ya lalubo sabuwa a aljihun tebur ya sa. Fitila ta kama, ta tsaya. Sai ga marigayin ya cika allon kwamfuta, hula a karkace, yana dariya.

Kaka ta goge ido da bakin mayafi, nan take muryarta ta dawo.

"To! Ina mai cewa a sayar? Ka ga aikin kamfanina? Ga kuma miji na gaske, ba irinka ba!"

Mai Kunnuwa ya juya faifan, ya ɓare filastar da farce. Ya ƙura wa wurin ido, sai ya kife a kan tebur yana dariya har da tari.

"Sa tabarau, malamar lissafi. Karanta."

Ta karanta. Ta sake karantawa.

"Wannan ai sunan waɗancan ne. Masu gasa da mu."

"Su ne! Shekara biyu kina yi wa maƙwabta tallar kamfaninmu da kayan abokan gaba!"

"Rubutun ne ƙanana! Da gangan suka yi don su cuci tsofaffi!"

Ita ma dariyar ta ƙwace mata, har sandar ta faɗi. Da ta lafa ta ce, "Na ji, ka ci wannan. A sayar da rabi. Rabin kuma a bar min, in ga ƙarshen gardamar."

Ya ɓare sabon faifai daga kwali, ya kwafe mata komai, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ga toshi, amarya."

Ta jujjuya shi. "Wannan na kamfaninmu ne?"

"Shi ne, gangariya."

"To kwafe min a na biyu."