Mai Wando a Bikin Sale

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai amaryar Sale ba, ko da yake na yi shekaru ina ƙoƙarin in manta. Sale ƙanen matata Dije ne, mutanen Yekuwa. Ni kuwa a Magariya nake, zamanin Nasara, Baturen mulki, wato kumandan, yana bariki, ina sayen gyaɗa ina tsallaka iyaka da ita wajen kantunan Ingilishi. A lokacin ba na iya zama wuri guda. Yau ina nan, gobe ina can, kullum da sabon abin da zan saya ko zan sayar. Surukina Malam Issufu, manomi mai ƙarancin magana, ya taɓa ce wa Dije mijinta kamar kazar da ke neman wurin yin ƙwai yake. (Ita ta faɗa mini, tana dariya. Ni ban yi dariya ba.) Tun daga nan nake neman abin da zan yi tsohon nan ya dube ni da daraja.

A bayan wani kanti can tsallaken iyaka na fara ganin dokin. Na wani Bature ne da ke shirin komawa ƙasarsu. Ban taɓa ganin halitta irin wannan ba. Danda ne, fari da baƙi kamar saniyar Fulani, gajere, ƙirjinsa kamar ƙofar zaure. Gezarsa har gwiwa, wutsiyarsa tana sharar ƙasa, sannan daga gwiwa zuwa kofato gashi ne fari sol ya lulluɓe ƙafafun, ba ka ganin kofaton ma. Baturen ya ce a jirgin ruwa aka kawo shi. Da Hausarsa mai tuntuɓe ya yi mini bayani cewa a ƙasarsu akwai wasu mutane masu yawo, ba su da gari, gidansu a kan amalanke yake, su ne ke kiwon irin waɗannan dawakai.

"Ba ya gudu," in ji shi. "Yana da haƙuri. Yana son aiki."

Na gyaɗa kai kawai. Ni a raina har na hau, har na shiga Yekuwa, har Malam Issufu ya miƙe tsaye. (Abin da na biya ba zan faɗa ba. Dije ma ta rasu ba ta sani ba.)

Ran da na shigo da shi Magariya kasuwa ta watse. Yara suka bi mu suna ihu, "Doki mai wando! Doki mai wando!" Na so in sa masa suna mai nauyi, amma ina. Mai Wando ya bi shi har ƙarshen ransa.

Sai wahala ta fara. Dokin ƙasar sanyi ne, rana tana ɗagawa sai ya tsaya yana haki, gumi yana bin gezarsa. Na kafa masa rumfa da zana biyu, na mayar da turkensa gindin tsamiya. Ruwan da yake sha ya ishi dawaki biyu, har matan unguwa suka fara guna-guni in suka hango ni da guga a bakin rijiya. Harawa kuwa, in na zuba masa dami, kafin in juya ya ɗago kai yana kallona. Amma duk wannan wasa ne in aka zo batun ƙafafu. Da damina laka ta shiga gashin, fatar da ke bayan kofato ta tsattsage ta yi ƙuraje. Sai in wanke da sabulun salo, in tsane da tsumma, in jira ya bushe sarai, in shafa man kaɗanya, in bi da mataji sili-sili ina ciro kaska. Matajin Dije na fara ɗauka, ta kama ni.

"Maigida, ni shekara nawa muna tare ba ka taɓa tambayar wa ya yi mini kitso ba. Yau ga ka durƙushe kana taje wa doki ƙafa."

"Ba za ki gane ba," na ce.

"Na gane mana. Ka sayo mini mataji."

Gaskiya na so dokin nan. Bai taɓa harbi ba, bai taɓa cizo ba. Yaro zai bi ta ƙarƙashin cikinsa ko kunne ba zai kaɗa ba. Abu guda ne ke damuna: duk sa'ad da na fita da shi bayan gari na sa masa ƙaimi, sai ya yi wata sassarfa mai nauyi, dum, dum, dum, ƙasa tana amsawa, ya koma tafiyarsa. Na gaya wa kaina ɓoye ƙarfinsa yake yi. In ya ga taro, ya ji kiɗa, ya ga 'yan'uwansa suna sukuwa, jininsa zai motsa.

Da kaka ta yi aka sa ranar bikin Sale. Ya zo Magariya sayen goro, ya tsaya yana zagaya dokin yana dariya, irin wasan da ƙanen mata ke yi da mijin yayarsa.

"Mijin Yaya, wannan doki ne ko tunkiya ce ta yi girma? Ranar kai amarya samari za su yi sukuwa a gaban Baba. Ka bar shi gida kada a tattake maka shi."

Maimakon in yi shiru, sai na ce ni zan ja gaba, kuma ya gaya wa mutanen Yekuwa su matsar da tabarminsu baya. Ya kuwa je ya faɗa. Bai rage ko kalma ba.

Dije ta riga ni tafiya tare da mata. Ni na tsaya gyaran Mai Wando: wanka, shafa, taza, har na yi wa gezarsa kitso manya-manya. Ƙafafun nan suka yi fari kamar audugar da aka shiɓa. Na sa babbar rigata mai aska, na naɗa rawani, na kama hanya. Amma zumuɗi bai bar ni na bi hanyar kowa ba. Na ga rana tana ɗagawa, na ce bari in yanke ta cikin saura. Wanda ya san saura bayan kaka ya san abin da ke ciki. Ƙarangiya. Kafin mu fita ɗaya gefen, kowace ƙafa ta Mai Wando ta zama dunƙule kamar bushiya, wutsiyar ta koma tsintsiyar ƙaya. Na sauka a bayan gari, na tattare riga, na durƙusa ina cira ɗaya bayan ɗaya, yatsuna suna jini, ga kiɗan kalangu yana taso mini daga cikin gari. In cire, in miƙe in leƙa, in koma in durƙusa. Da na ga ba za ta ƙare ba, na baza gashin waje ya rufe na ciki, na hau.

Na iske an taru a fili, ƙofar gidan Malam Issufu. Dattawa suna kan tabarmi, shi yana tsakiya da carbinsa. Amaryar daga wata tunga ce kusa, an riga an iso da ita, tana gindin wani gawo a bakin gari da tsofaffin mata, ana jira a gama sukuwa a shiga da ita. Kusa da su ga amalanke shaƙe da kayan ɗakinta: tukwane, ƙore, tasoshi, tabarmi, turmi. Jakin da ya jawo shi ya yi targaɗe a hanya, aka kwance shi, aka tokare hannayen amalanken biyu da itace mai baki biyu don kada kaya su zube. Na ga duk wannan da idona, ban kawo komai a raina ba.

Taron ya dare mini. Maroƙi ya taso yana kirari: "Ga na Magariya! Ga mai dokin da ya keto teku! Mijin Dije, ba a gabanka!" Na ji kaina ya yi girma har rawanin ya matse ni. Samari suka jeru a kan dawakansu sirara masu rawar ƙafa, suka bar mini tsakiya. Na saci kallon surukina. Yana kallona.

Aka buga, aka saki linzami. Na ɗaga hannu sama, na yi kururuwa, na sa ƙaimi. Samarin suka wuce kamar an harba su. Mai Wando ya yi dum, dum, dum, kamar taku goma, sai na ji ya karkata hagu. Na ja linzami dama. Ya ci gaba da tafiya hagu, a natse, kamar mai zuwa masallaci. Ya nufi amalanke kai tsaye, ya tsaya a gabansa, ya shinshina, ya juya masa baya. Sannan, a gaban duk mutanen Yekuwa, ya fara ja da baya a hankali, taku ɗaya-ɗaya, har ya shige tsakanin hannayen nan biyu. Ya yi ajiyar zuciya mai tsawo, ya saki kunnuwa.

Amalanken jaki ne, shi kuwa ga faɗi. Hannayen amalanken biyu suka danne mini ƙafafu a jikin haƙarƙarinsa, likkafa da komai. Ba sauka, ba motsi. Hannuna ma yana sama, na manta ban sauke ba.

Sai wata tsohuwa, gwaggon amarya, ta tafa hannu.

"Alhamdu lillahi! Dama muna ta tunanin yadda za a yi da kayan nan. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ku kawo igiya!"

"Gwaggo, ba wannan ya kawo ni ba," na ce.

"To shi dai wannan ya kawo shi."

Dariyar da ta tashi a filin nan, na tabbata an ji ta har can garin Waca. Sale ya faɗo daga kan dokinsa yana riƙe da ciki. Na hango Dije cikin mata ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna girgiza. (Daga baya ta rantse mini kuka take yi. Ban yarda ba.) Aka ɗaura igiya a ƙirjin dokin, aka zare itatuwan tokare, kafin wani ya ce uffan Mai Wando ya sa ƙirji ya ja. Ban taɓa ganinsa da farin ciki irin na ranar ba: wuya a tanƙware, geza tana kaɗawa, ƙafafu suna tashi sama. Ni kuwa ina bisa, da riga mai aska, tasoshi suna ƙara a bayana, mata suna guɗa, amarya tana biye. Maroƙin nan maras kunya bai ko tsaya ba, sai ya sauya kirari: "Ga mai kai tukwane! Na Magariya, turmi ya gode!"

Daidai gaban tabarmar dattawa dokin ya tsaya da kansa. Sai da aka sauke kaya aka ja amalanken baya kafin ƙafafuna su fita. Na durƙusa gaban surukina, na kasa ɗaga ido. Malam Issufu ya tashi tsaye. Ya wuce ni, ya je ya dafa wuyan dokin, ya sunkuya ya ciro ƙarangiya guda daga ƙafarsa, ya dube ta.

"Wannan dokin kirki ne," ya ce. "Ya ga aiki, bai jira an roƙe shi ba. Ka riƙe shi da kyau. Ka riƙa zama kusa da shi."

Ban ci tuwon bikin ba. Washegari tun da safe na kama hanya, ta kowa da kowa wannan karon.

Da na huce, na sa kafinta ya ƙera mini amalanke daidai faɗinsa. Shekaru muka yi muna jigilar gyaɗa da sanyin safiya, yana cikin jin daɗi, har tsufa ya kwantar da shi a gindin tsamiya. Amma mutanen Yekuwa ba su taɓa sakina ba. Duk yarinyar da za a kai ɗaki, sai an aiko Magariya a ce ana gaida Mai Wando, kuma in da hali ya taho da mai shi.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka cika baki a gidan surukai, ka tabbata da ƙafarka za ka je. In kuwa a kan wani za ka hau, to ka fara tambayarsa shi me ya shirya yi.