Kwallin da Ya Ɓata Mana Awon Ƙwaƙwalwa

Ba zan taɓa mantawa da wannan Talatar ba, ko da yake na yi iya bakin ƙoƙarina in manta. Shekarata tara ina ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a wani asibitin kuɗi wajen unguwar Cité des Palmiers. Ni ce mai tura mutane cikin injin nan mai kama da rami, wanda muke kira IRM. Tun safe har yamma bakina ba ya hutawa: cire ɗan kunne, cire zobe, cire fil ɗin ɗankwali, akwai laya a kitso? Injin ƙaton mayen ƙarfe ne, ko ƙurar ƙarfe ya ci karo da ita sai hoto ya lalace. Har matan unguwarmu ta New Bell suka sa mini suna Madam Cire-Cire. (Ina kuwa amsawa, don ba sharri suka yi mini ba.)

Bara aka kawo mana wata sabuwar hanya. A da hoto kawai injin yake bayarwa, likita ya duba da ido ya ce nan ya yi fari, can ya yi duhu. Ita sabuwar awo take yi. Tana fitar da lamba ga kowane sashe na ƙwaƙwalwa, girmansa da yadda namansa yake, ta yadda in abu ya fara canjawa tun ido bai gani ba, lamba za ta iya nunawa. Na dage a kanta kamar ni na ƙirƙiro ta, kuma ina da dalilina. Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, ya fara mantuwa. Sau biyu yana ɓata tsakanin masallaci da gida. Sau biyu kuma ana duba hotonsa a ce ba a ga komai ba. Na riga na yi wa matarsa, Inna Rabi, alkawarin shi za a fara aunawa.

Babban likitanmu tsoho ne, ya fi yarda da idonsa a kan kowace lamba. Bayan na gaji da bin sa ofis, ya gindaya sharaɗi: a auna mutum ɗaya mai lafiya sau biyu a rana ɗaya, da safe da rana. In lambobin sun zo ɗaya, a fara da marasa lafiya. In sun saɓa, a ajiye maganar sai baɗi, lokacin da wanda ya koya mana sabuwar hanyar zai dawo daga waje. Aka ce wa zai shiga? Kafin a rufe baki na ɗaga hannu.

Ranar Talatar da safe na zo fuskata wayam, ko mai ban shafa ba. Na kwanta, injin ya yi ta buga mini guduma a kunne, na fito, komai ya tafi daidai. Na riƙa yawo a asibitin ina wani ɗaga kai.

Da azahar na yi alwala, na yi salla, na leƙa madubi. Fuskar da na gani ta mai gajiya ce, ga likitoci uku za su zo kallon zagaye na biyu. Wallahi ban ma san lokacin da hannuna ya shiga jaka ba. Na zaro ɗan tandun kwallin da na saya a kasuwa, na rangaɗa, ido biyu, sama da ƙasa, yadda nake yi bayan kowace alwala tun ina budurwa.

A bakin ƙofar injin, abokin aikina Etienne ya ɗauko takardar tambayoyi. (Takardar nan ni na rubuta ta da hannuna.)

"Madame, akwai wani abu a jikinki, ko a fuska?"

Na ce, "Etienne, ni za ka tambaya? Rufe takardar nan mu yi aiki."

Ya rufe. Ina ciki na ji fatar idona ta ɗan yi ɗumi, na ce gajiya ce.

Da na fito, na tarar kowa ya zuba wa allon injin ido. A kan allo, gaban ƙwaƙwalwata ya yi wani baƙin dabbare, lambobin wajen kuwa ko kusa ba su yi kama da na safe ba. Har na fara tunanin wa zai riƙe mini yara. Tsohon likita ya dubi allo, ya dube ni, ya sake duban allo. Sai ya tsinko auduga ya miƙo mini.

"Madame, goge idonki."

Na goge. Audugar ta fito baƙi ƙirin. Ashe kwallin da garin ƙarfe a ciki. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Etienne dai ya duƙa yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Na roƙa a sake. Likita ya nuna mini layin marasa lafiya a waje, ya ce, "In wadda ta fi kowa sanin abin ta iya ɓata shi da kanta, to ba injin ne bai shirya ba, mu ne. Sai baɗi."

Da la'asar sakaliya na hau benskin, wato acaɓa, zuwa gidan Kawu, duk hanya ina shirya ƙaryar cewa injin ne ya lalace. Na tarar da shi zaune a tsakar gida. Ya dube ni da fara'a ya ce, "Rabi, mun yi baƙuwa, kawo mata ruwa." Bai gane ni ba, alhali a hannunsa na yi wayo, shi ya kai ni makaranta ranar farko.

Ƙaryar ta maƙale. Na gaya wa Inna Rabi gaskiya, har da audugar. Ta daɗe tana kallon idona, ba ta yi faɗa ba.

"To, 'yata, Allah ya kai mu baɗin. Allah ya sa zuwa lokacin akwai sauran abin aunawa."

Na gaji ƙwarai a ranar, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Abin da na koya ba shi da yawa: duk wanda ya tambaye ni abin da nake ganin na fi shi sani, yanzu sai in tsaya in amsa, ko da kuwa ni na rubuta tambayar.