Keken Surukina

Ranar da zan fara gaida mahaifin budurwata Binta a Ƙofar Kaura, na tsara komai kamar a littafin soyayya: shadda, turare, murya ƙasa-ƙasa. Alhaji yana jinyar ƙafa, keken koyon tafiyarsa na gefe. Na daɗe durƙushe har ƙafata ta yi tsami. Ganin Binta na leƙe, sai na dafa keken don in miƙe da ƙasaita. Ashe ba a danne birki ba. Ya kwashe ni daga zaure har tsakar gida, na ƙare cikin bahon jiƙaƙƙen gero.

"Angona, tun yanzu ka tare?" in ji kakar Binta.

Alhaji ya warke, ya ba ni Binta. Cikin kayan ɗaki sai ga keken, wai na ango ne.