An Taɓa Saniyata

Jiya da safe na sunkuya in ɗaure takalmi, ko da na ɗago saniyata ta bi ta wata ɓaraka a wayar nan mai ƙaya da sojojin babbar ƙasar da ke maƙwabtaka da mu suka ja a tsakiyar gonata. Ga ta can tana kiwo a filin ubana, ni kuwa in na tsallaka sai gidan yari. Ita kaɗai gare ni, da cukunta muke ci.

Ban damu ba. Ai sojojin Babban Ƙawancen tsaro na ƙasashen waje suna atisaye da namu a bayan gari, kuma da kunnena na ji a rediyo cewa wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. Na sa rigar zuwa coci, na ɗauki cuku da tulun giyar inabi, don mu ba ma zuwa wurin baƙo hannu rabbana.

Maƙwabcina Gocha ya leƙo ta katanga. "Shalva, ina zuwa haka kamar ango?"

"Rundunar ƙasa talatin zan ɗauko."

"A kan saniya? To ka ce su taho da igiya."

A sansanin, hafsan Ƙawancen ya tarbe ni da fara'a, Allah ya ƙara masa girma. Na ce wa tafinta, "Gaya wa yallaɓai an taɓa ɗaya."

Tafinta ya ce, "Baba, wannan ai na mambobi ne. Mu abokan hulɗa ne."

"Mene ne bambancin?"

"Abokin hulɗa, in an kira shi sai ya zo."

"In shi ya yi kira fa?"

"Sai a nuna damuwa."

Na ce ƙanena ya je musu yaƙi wata ƙasa mai nisa, da ƙafa ɗaya ya dawo. Hafsan ya ƙame ya sara mini. Na ce to yaushe za mu shiga? Ya ce ƙofa a buɗe take. Tun gashina na baƙi nake jin labarin ƙofar nan. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma a ƙauyenmu in ka ce wa mutum ƙofa a buɗe take, matsawa kake yi daga bakinta.

Na dawo gida ba runduna. Matata Tsiala ta dube ni sama da ƙasa.

"Sannu da zuwa, janar. Kauce."

Ta zuba gishiri a bokiti, ta tsaya bakin waya tana bugunsa da cokali. Saniya ta ɗago kai, ta taho da gudu.

Saboda haka, ranku ya daɗe manyan ƙawance, akwai makamin da aka jarraba a iyakar nan ya yi aiki. Sai dai mai shi ta ce ba ta ba da aro sai ga mambobi.