Gwarzon Al'ada na Bana

A shekarar da fari ya kama Dajin Marke, tafkuna suka ƙafe har laka ta tsattsage, ruwa ya rage a rijiya ɗaya tak ta ƙofar fada. Sarki Zaki, wanda maroƙansa suka shaida mai adalci ne, ya sa aka gina kwamin shan ruwa guda na kowa da kowa. Magina suka rasa ma'aunin tsayinsa, sai suka auna da haɓar sarki. Giwa ta sha, ɓauna ta sha, kura ta yi ɗage ta sha. Bushiyoyi kuwa sai dai su raɓe a gindi, suna lasar abin da ya ɗiga daga gemun manya.

Tasalla bushiya ce daga Unguwar Ƙaya, can bayan gari inda ko mai shela ba ya kaiwa. In ƙishirwa ta yi tsanani, danginta dunƙulewa suke yi su yi barci har ruwa ya sauka. Manya kan farka, ƙanana ba kullum ba. Haka ta rasa 'ya'ya uku, saura Ajuji, wanda ƙayarsa ma ba ta gama ƙwari ba. Tsoron barcinsa ne ya ja ta har gaban majalisa.

"Allah ya ja zamanin Sarki," in ji ta, "ba sabon kwami muke roƙo ba. A ɗan huda mana gindin wannan, ko kamar bakin ludayi."

Dila, Ministan Ruwa, ya zabura. "Kwami ɗaya, ƙasa ɗaya! In aka huda wa bushiya yau, gobe kunkuru zai zo. Wariya ke nan, gwamnatin nan kuwa ba ta san wariya ba."

Sai Kura, Ministar Al'adu da Haɗin Kai, ta share idon da babu hawaye a cikinsa. "Ranka ya daɗe, ni al'adar nake tausaya wa. Barcin rani gadon bayin Allahn nan ne tun kaka da kakanni, babu mai irinsa duk dajin nan. Mu ba su ruwa su daina barci, mu ne muka kashe musu gado. Me za mu gaya wa 'yan baya?"

"Ranki ya daɗe," in ji Tasalla, "kakannin namu ma ƙishirwa ce ta kwantar da su."

"Kun ji ko? Da bakinta ta tabbatar abin tsoho ne!"

Fada ta ɗauki tafi. Sarki ya yi hamma, aka rubuta cewa ya amince. Aka yanke shawarar bushiyoyi su zo Bikin Al'adu su nuna barcinsu, wanda ya fi daɗewa a dunƙule ya tafi da gora cike da ruwa. Kura ta ƙara da cewa a zo da yara, don duniya ta ga al'ada tana da magada.

Takaici ya cika Tasalla, amma goran ya tsaya mata a rai. Ta ƙudurta ita za ta ci shi, ko bayanta zai soye.

Ranar biki birai suka yi tsalle, kunkuru ya yi rawar kai, gafiya ta nuna yadda ake tono. Duk masu wasan 'yan bayan gari ne, domin mutanen fada ba su da wata al'ada da ta wuce zama a inuwa. Da rana ta take aka kira bushiyoyi tsakar fili.

"Ajuji, ka dunƙule kaɗan kawai," ta raɗa masa. "Da ka ji zafi ka buɗe, ka koma gindin bango. Ni zan kawo ruwan."

"To, Inna. Da sanyi zai zo?"

"Da sanyi."

Aka kaɗa ganga, suka dunƙule. Ƙasa kamar tanda. Tasalla tana jin 'yan'uwanta suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, ana yi musu ihu, ita ta daɗa matse jiki tana kiran sunan Allah. Sai da inuwar fada ta iso tsakar fili ƙarfinta ya ƙare. Ta buɗe da murnar ita ce ta ƙarshe, ta waiga gindin bango. Babu kowa.

Ajuji yana nan kusa da ita inda ta bar shi, ɗan dunƙule ɗaya a duk faɗin filin.

"Gwarzon al'ada na bana!" Kura ta ƙwala ihu. "Ku dubi ɗan yaro ya kunyata manya! Wa ya ce gadonmu zai mutu?"

Tasalla ta matsa ta taɓa shi da hanci. Ta san wannan sanyin, sau uku ta taɓa jinsa.

"A'a, baiwar Allah, kada ki katse masa," in ji Kura. Ta ajiye goran a gefensa, ta gyara masa zama don 'yan kallo. "Doka ta ce mai nasara ne zai sha da bakinsa. Mu jira ya farka."

Sarki ya miƙe tsaye don girmamawa, fada duka ta miƙe. Suka tsaya suna jira, kowa da murmushinsa.